Ibada ko aiki: Me Kiristocin Amurka masu ra'ayin riƙau ke dubawa kafin su jefa ƙuri'a?

A zaɓen kujerar Majalisar Dattawa na jihar Jojiya ta Amurka a 2022, manyan 'yan takara biyu ne suka kara, dukansu baƙaƙen fata, dukansu Kiristoci.

Na farko shi ne Raphael Warnock na jam'iyyar Democrat, babban fasto a cocin Ebenezer da ke Atlanta, inda Martin Luther King ya yi wa'azi a zamaninsa. Na biyu kuwa Herschel Walker ne na jam'iyyar Republican, tsohon tauraron wasan ƙwallo, wanda mata biyu suka zarga da biyan kuɗi a zubar musu da ciki, zargin da ya musanta.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka cewa Kiristoci masu riƙo da addini faston za su bi. Amma ƙididdigar ranar zaɓe ta nuna fiye da takwas cikin goma na fararen fata 'yan Ibanjelika Walker suka zaɓa. Dalilinsu shi ne, faston yana goyon bayan bai wa mace 'yancin zubar da ciki, shi kuma Walker ya yi alƙawarin kaɗa ƙuri'ar hana shi a majalisa.

Warnock ne ya ci zaɓen a zagaye na biyu, amma yadda ƙuri'un suka rabu ya fito da wani abu da ya daɗe yana faruwa a siyasar Amurka: idan ibadar ɗan takara da manufofinsa suka raba hanya, waɗannan masu zaɓe manufa suke bi.

Su wane ne waɗannan masu zaɓe?

'Yan Ibanjelika Kiristoci ne da suka yi imani da cewa Littafi Mai Tsarki shi ne hujja ta ƙarshe, da cewa dole mutum ya samu abin da suke kira sake haihuwa, da kuma wajabcin yaɗa bishara. Babbar ɗarikarsu a Amurka ita ce ta Baptis ta Kudu.

Alƙaluman cibiyar bincike ta PRRI sun nuna cewa fararen fatarsu sun kai kashi 23 cikin ɗari na al'ummar Amurka a 2006, amma zuwa 2020 sun koma kusan kashi 14. Duk da raguwar, suna fita zaɓe fiye da sauran jama'a, shi ya sa nauyinsu a akwatin zaɓe ya fi yawansu a ƙidaya.

A gefensu akwai 'yan Katolika masu ra'ayin riƙau, waɗanda suka sha bamban da su a aƙida amma suka haɗu a kan batun zubar da ciki da auren jinsi da 'yancin makarantun addini.

Tsarin mulkin Amurka ya haramta gindaya sharaɗin addini ga mai neman muƙami. Wannan haramci gwamnati ya shafa. Mai zaɓe yana da ikon auna ɗan takara da duk ma'aunin da ya ga dama.

Carter da Reagan: inda abin ya samo asali

Babu shugaban Amurka na baya-bayan nan da ya kai Jimmy Carter shaidar ibada. Ɗan Baptis ne, malamin makarantar Lahadi a garinsu Plains, kuma ya fito fili a yaƙin neman zaɓen 1976 ya ce ya sake haihuwa. 'Yan Ibanjelika da dama sun zaɓe shi suna ganin nasu ne ya samu.

Shekara huɗu bayan nan suka juya masa baya.

Abubuwa da dama ne suka taru. Hukumar haraji ta nemi janye sassaucin haraji daga makarantun Kirista masu zaman kansu da ake zargi da wariyar launin fata, lamarin da masana tarihi irin su Randall Balmer ke ganin shi ne ya fara haɗa kan fastocin Kudu. Sannan ga hukuncin Kotun Ƙoli na 1973 da ya halatta zubar da ciki, wanda Carter ya ce ba ya so a ransa amma ba zai nemi gyara tsarin mulki don soke shi ba.

A 1979 Fasto Jerry Falwell ya kafa ƙungiyar Moral Majority don tattara ƙuri'un masu zuwa coci. Wanda ƙungiyar ta karkata gare shi shi ne Ronald Reagan, tsohon ɗan wasan fim wanda ya taɓa rabuwa da matarsa ta farko, ba ya yawan zuwa coci, kuma shi ne ya sa hannu a dokar sassauta zubar da ciki a 1967 lokacin yana gwamnan Kalifoniya.

A wani taron fastoci a Dallas cikin Agustan 1980, Reagan ya shaida musu cewa ya san ba za su iya ayyana goyon bayansu gare shi ba, amma shi yana goyon bayansu. Wannan magana ta yi aiki. Mafi yawansu suka zaɓe shi, ya kuma lashe jihohi 44.

Tun daga lokacin aka gane cewa tsohon tarihin ɗan takara ma ana iya yafe shi, muddin ya sauya matsayi kuma ya shiga jam'iyyar da za ta riƙe shi a kan sabon matsayin.

Lokacin da aka ce hali shi ne komai

Sai dai ba kullum suke faɗin haka ba. A 1998, lokacin da abin kunyar Shugaba Bill Clinton da Monica Lewinsky ya ɓarke, babban taron ɗarikar Baptis ta Kudu ya zartar da ƙudurin da ke cewa halin kirki sharaɗi ne ga mai riƙe da muƙamin gwamnati, kuma kawar da kai daga ɓarnar shugabanni yana lalata al'umma. Clinton kansa ɗan ɗarikar ne.

Ra'ayin ya daɗe. A 2011 cibiyar PRRI ta tambayi Amurkawa ko shugaban da ya aikata baɗala a rayuwarsa ta sirri zai iya riƙe amanar jama'a. Kashi 30 cikin ɗari kacal na fararen fata 'yan Ibanjelika suka ce zai iya.

Da aka maimaita tambayar a 2016, kashi 72 ne suka ce zai iya. Cikin shekara biyar, rukunin da ya fi kowa tsauri a kan wannan batu ya koma wanda ya fi kowa sassauci. Abin da ya sauya a tsakani shi ne ɗan takarar da jam'iyyarsu ta tsayar.

Kafin nan ma an yi gwajin aƙida. A 2012 jam'iyyar Republican ta tsayar da Mitt Romney, mabiyin ɗarikar Mormon, wadda yawancin fastocin Ibanjelika ba sa lissafawa cikin Kiristanci. Fasto Robert Jeffress na Dallas ya taɓa kiran ɗarikar ƙungiyar ɓata. Abokin karawar Romney kuwa Barack Obama ne, Kirista da ya shafe shekaru yana zuwa coci a Chicago, amma ya ayyana goyon bayan auren jinsi a watan Mayun shekarar.

Ana saura makonni zaɓe, ƙungiyar fitaccen mai wa'azi Billy Graham ta cire sunan Mormon daga jerin ƙungiyoyin ɓata da take wallafawa. Romney ya samu kusan kashi 78 na ƙuri'unsu.

Yadda Trump ya sayi amincewarsu

Donald Trump bai yi kama da ɗan takarar coci ba ta kowace fuska. Ya yi aure sau uku, ya mallaki gidajen caca, kuma a wani taron Kiristoci a jihar Iowa a 2015 ya ce ba ya jin ya taɓa neman gafarar Ubangiji.

A zaɓen fitar da gwani na 2016, masu zuwa coci kowane mako sun fi karkata ga Sanata Ted Cruz, ɗan fasto, wanda ya ci Iowa. Amma da Trump ya zama ɗan takara, sai ya yi abin da ba a saba gani ba.

Mai shari'a Antonin Scalia na Kotun Ƙoli ya rasu a Fabrairun 2016, kujerarsa na nan babu kowa. Trump ya fitar da jerin sunayen alƙalan da zai zaɓa daga ciki, ya ɗauki Mike Pence, wanda 'yan Ibanjelika suka sani kuma suka yarda da shi, a matsayin mataimaki, ya kuma faɗa a muhawarar ƙarshe cewa alƙalansa za su kai ga soke hukuncin 1973.

A farkon Oktoba aka saki wani tsohon faifai da aka ji shi yana alfahari da taɓa mata ba da izininsu ba. Wasu jagororin coci suka ja da baya, amma jama'ar ba su bi su ba. Ya samu kusan kashi 81 na ƙuri'unsu.

Kuma ya biya bashin. Ya naɗa alƙalai uku a Kotun Ƙoli: Neil Gorsuch a 2017, Brett Kavanaugh a 2018 da Amy Coney Barrett a 2020. Ya mayar da ofishin jakadancin Amurka a Isra'ila zuwa Birnin Ƙudus a Mayun 2018. A ranar 24 ga Yunin 2022 kotun ta soke hukuncin da suka shafe kusan shekara hamsin suna yaƙa.

Abin da Reagan da Bush uba da ɗa ba su iya kawo musu ba, mutumin da ya fi su nisa da coci ya kawo.

Hujjojin da suke kafawa

Kuskure ne a ɗauka cewa an yaudare su ne game da ibadar Trump. Binciken cibiyar Pew a 2024 ya nuna kashi 4 cikin ɗari ne kawai na Amurkawa ke ganinsa a matsayin mai tsananin riƙo da addini, kuma ko a cikin magoya bayansa 'yan coci ƙalilan ne ke da wannan ra'ayi. Sun san wanda suka zaɓa.

Hujja ta farko ita ce ta tasiri. Zunubin shugaba, in ji su, tsakaninsa ne da Mahaliccinsa, amma dokar da ya sa wa hannu da alƙalin da ya naɗa za su shafi miliyoyin mutane. Alƙalan tarayya a Amurka ba su da wa'adi, don haka naɗi guda yana iya yin shekara talatin yana aiki.

Ta biyu daga Littafi Mai Tsarki suke ciro ta. Wasu masu wa'azi sun kwatanta Trump da Sairus, sarkin Farisa wanda ba ya bin addinin Isra'ilawa amma ya 'yantar da su daga bautar Babila, kamar yadda ya zo a littafin Ishaya sura 45. Wasu kuma Sarki Dawuda suke kawowa, wanda a ruwayar Baibul ya yi kuskure babba amma bai rasa matsayinsa ba.

Ta uku, wadda wataƙila ta fi sauran ƙarfi, ita ce tsoro. Kiristoci sun ragu daga kashi 78 na Amurkawa a 2007 zuwa kusan kashi 62 a 'yan shekarun nan. Kotun Ƙoli ta halatta auren jinsi a duk faɗin ƙasar a 2015. An maka masu sana'a a kotu saboda ƙin yi wa bikin auren jinsi hidima. Wanda yake ganin gidansa ake ƙoƙarin fasawa, mai gadi yake nema, kuma ba a tambayar mai gadi yawan azuminsa.

Trump ya fahimci haka tun da wuri. A wata kwalejin Kirista a Iowa cikin Janairun 2016, ya yi musu alƙawarin cewa idan ya ci zaɓe Kiristanci zai samu ƙarfin iko.

Waɗanda suka ƙi yarda

Ba kowa ya karɓi wannan lissafi ba. A Disamban 2019 mujallar Christianity Today, wadda Billy Graham ya kafa a 1956, ta wallafa sharhin edita da ke kiran a tsige Trump. Fasto John Piper ya rubuta a 2020 cewa girman kai da ƙarya a bakin shugaba su ma suna kashe al'umma. Russell Moore, wanda ya jagoranci sashen ɗa'a na ɗarikar Baptis ta Kudu, ya sha suka saboda adawarsa da Trump har ya bar muƙamin a 2021.

Hujjarsu ita ce coci tana sayar da mutuncinta. Suna tambaya: da wane baki fasto zai yi wa matasa wa'azin riƙon aure bayan ya kare wanda ya saɓa?

Amma ƙuri'a ba ta bi su ba. Albert Mohler, shugaban babbar makarantar tauhidin Baptis ta Kudu da ke Louisville, wanda ya ƙi Trump a 2016, ya dawo ya mara masa baya a 2020. A wannan zaɓe Joe Biden, ɗan Katolika mai zuwa coci kowane mako, bai samu ko kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'unsu ba.

Akwai kuma wani abin lura da ke nuna cewa aƙida kaɗai ba ta bayyana komai. Baƙaƙen fata 'yan Furotesta suna karanta Baibul guda, da yawansu ma sun fi fararen zuwa coci, amma fiye da takwas cikin goma jam'iyyar Democrat suke zaɓa. Su ma manufa suke dubawa, sai dai tasu ta shafi 'yancin zaɓe, kiwon lafiya da cin zalin 'yan sanda. Tarihin kowace al'umma shi ke gaya mata batun da za ta sa a gaba.

Shin haƙurin yana da iyaka?

Yana da ita, amma tana da nisa. A Disamban 2017 Roy Moore, tsohon alƙali da ya yi suna wajen kafa allon Dokoki Goma a kotu, ya faɗi zaɓen sanata a Alabama bayan zargin neman 'yan mata ƙanana, wanda ya musanta. Kusan takwas cikin goma na fararen fata 'yan Ibanjelika da suka fita shi suka zaɓa. Abin da ya kayar da shi shi ne waɗanda suka zauna a gida da kuma fitowar baƙaƙen fata.

Wato idan abin ya yi muni, wasunsu sukan ƙaurace wa rumfar zaɓe. Tsallakawa zuwa ɗaya jam'iyyar kuwa abu ne mai wuya.

A nan ne farashin cinikin ya fara bayyana. Wanda ba shi da wurin zuwa, ba shi da bakin ciniki.

Bayan hukuncin 2022, masu zaɓe a jihohi irin su Kansas da Ohio suka kare 'yancin zubar da ciki a ƙuri'ar raba gardama. Trump ya karanta yanayin. Ya soki dokar Florida ta hana zubar da ciki bayan mako shida, ya ce a bar wa jihohi batun, kuma a Yulin 2024 jam'iyyar ta cire kiran haramta shi a matakin tarayya daga kundin manufofinta, karo na farko cikin shekara arba'in.

Sun samu damar sauya shi a zaɓen fitar da gwani. Pence ya tsaya, Sanata Tim Scott ya tsaya, Gwamna Ron DeSantis ya samu goyon bayan fitaccen jagoran 'yan Ibanjelika na Iowa, Bob Vander Plaats. Pence da Scott sun janye tun kafin a fara jefa ƙuri'a, Trump kuma ya ci Iowa da kashi 51.

Ko hukuncin kotun New York da ta same shi da laifuka 34 a Mayun 2024 bai rage komai ba. Bayan ya tsira daga harbi a Pennsylvania ranar 13 ga Yuli, da yawa sun ɗauki abin a matsayin alamar kariyar Ubangiji. A Nuwamba kusan takwas cikin goma suka sake zaɓarsa.

Wannan ya nuna cewa abin ya wuce lissafin manufa ɗaya bayan ɗaya. Ya zama batun "namu da nasu". Wani binciken Pew ya gano cewa tsakanin 2016 da 2020, fararen fata da dama masu son Trump sun fara kiran kansu 'yan Ibanjelika alhali a da ba sa yi. A wurin irin waɗannan, siyasa ce ta kai su ga sunan addini.

Me ya shafi Najeriya?

Ƙuri'un waɗannan mutane ba a Amurka kaɗai tasirinsu ke tsayawa ba. Matsin lambar ƙungiyoyin coci na cikin abubuwan da suka taimaka wa George W. Bush kafa shirin PEPFAR na yaƙi da cutar ƙanjamau a 2003, wanda Najeriya ta daɗe tana amfana da shi. Amma da gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a Janairun 2025 ta kuma rushe hukumar USAID, koken ƙungiyoyin agaji na coci bai hana ba.

Batun da ya fi samun kunnen gwamnati shi ne na tsanantawa Kiristoci. A Disamban 2020 gwamnatin Trump ta saka Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake damuwa da su kan 'yancin addini. Gwamnatin Biden ta cire ta a Nuwamban 2021. A ƙarshen Oktoban 2025 Trump ya mayar da ita, ya kuma yi barazanar amfani da ƙarfin soja, bayan kiraye-kirayen 'yan majalisa irin su Ted Cruz. Gwamnatin Najeriya ta ce matsalar tsaro tana cin Musulmi da Kirista ne baki ɗaya.

Duk wanda ke son gane dalilin da ya sa sunan Najeriya ke yawan fitowa a Washington, sai ya san masu zaɓen da ake yi wa magana.

A cikin gida ma tambayar ba baƙuwa ba ce, ko da yake siffarta daban. A 2023 ƙungiyar CAN ta yi adawa da tikitin Musulmi da Musulmi na Bola Tinubu da Kashim Shettima, kuma Peter Obi ya ci jihohi irin su Filato da Nasarawa. Amma Binuwai, wadda mafi yawan al'ummarta Kiristoci ne, Tinubu ta bai wa da ƙaramar rata, sannan ta zaɓi limamin Katolika Hyacinth Alia na APC a matsayin gwamna.

Bambancin shi ne, a Najeriya gardamar ta rabon muƙami ce tsakanin addinai biyu. A Amurka kusan duk 'yan takarar Kiristoci ne, don haka gardamar ta koma kan abin da mutum zai yi da mulkin.

Abin da za a sa wa ido

Tsarin mulki bai bai wa Trump damar sake tsayawa ba, don haka zaɓen 2028 zai gwada ko wannan ɗabi'a ta mutum guda ce ko ta zauna. Mataimakinsa JD Vance ya karɓi Katolika ne a 2019, matarsa kuma mabiyar addinin Hindu ce. Idan tarihin Reagan da Romney ya maimaita kansa, wannan ba zai zama cikas ba.

Tambayar da ta fi wuya tana gaban fastocin ne. Sun samu alƙalai, sun samu hukuncin da suke nema, sun samu ofishin harkokin addini a Fadar White House. Amma 'yan siyasa sun riga sun gane cewa ƙuri'ar tana hannu ko an cika alƙawari ko an sassauta shi.

Ranar da ɗan takarar ɗaya jam'iyyar ya faɗa cikin abin kunya, za su so su sake ɗauko ƙudurin 1998. Ko akwai mai saurarensu a lokacin, shi ne abin da ba a sani ba.